Gangar Mutum Huɗu

Portavaig, 2 ga Disamba, 1970

Zuwa ga ɗan'uwana Torquil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a wannan ramin naka na Kanada, kuma hayaƙin ma'adinin bai gama cinye maka ƙirji ba. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ce dai take sanar da ni ruwan sama tun kafin rediyo ya faɗa. Hoton da ka aiko bara yana kan kabad. Ka yi tumbi, Torquil, kada ka ce mini rigar sanyi ce.

Ba don hira na zauna ba. Maganar gangar wiskinku ce, kuma ta yi muni.

A Fabrairu za ta cika shekara goma sha biyu, kamar yadda ku huɗun kuka ƙulla ranar da kuka haɗa hannu kuka saye ta: kai, da ƙanena Murdo, da Hector, da ƙanen Hector marigayi Sorley. Ba mai taɓa ta, ba mai ɗanɗanawa, sai ta nuna a buɗe tare. Tun da teku ta ci Sorley, Hector ya ɗauki gangar nan kamar gawar da bai samu ya binne ba. Ya sa an sassaƙa dutsen kabari, ya ce ranar da za a kafa shi za a fito da wiskin, garin nan kaf ya sha a maƙabarta da sunan ƙanensa.

To ranar Litinin aka je awo. Manajan kamfanin wiski ya buɗe kwaɗonsa na ƙofar sito, ɗan kwastan ya buɗe nasa, Murdo ya cire marufin ya zura sanda. Galan hamsin aka zuba a ciki. Ko an cire rabon mala'iku, wanda katako ke shaƙewa ya bar wa iska, ya kamata a tarar da arba'in. Sandar ta fito da goma sha bakwai.

Ina wurin, na kai wa Murdo abincin rana. Hector ya dubi sandar, ya dubi Murdo, ya ce, "Mala'ikun siton nan gashin baki gare su da 'ya'ya biyu?" Kafin wani ya motsa ya shaƙe shi a kwala, ya buga kansa da zoben ƙarfen ganga har sau biyu. Jini ya wanke masa ido. Sannan ya matse masa muƙamuƙi ya buɗe bakinsa yana sunsunawa, kamar mai sayen doki. Sai da mutum uku suka taru kafin aka ɓamɓare shi. Ni na kwaɗa masa kwanon miyar a ƙeya, kuma ban yi nadama ba.

Kai shaida ne, Murdo ya shekara takwas ko ɗigo bai sa a bakinsa ba. Kullum yana cikin ganguna, shi ne mai gyaransu, amma in an zo rabon kofin wiskin safe ga ma'aikata sai ya kife nasa. Ka kuma san rantsuwar da matarsa Ishbel ta yi ranar da ta dawo gidansa: in ya sake sha, za ta kwashe yaran, kuma ba zai ƙara ganin ƙeyarta ba. Yanzu mata sun fara yi mata kallon tausayi a shago. Gidan ƙanena ne ke rawa, ba wiski nake yi wa kuka ba.

Hector ba ya jin maganar kowa sai taka, don kai ne aminin Sorley. Ka rubuto masa layi biyu ka ce ka yarda da Murdo. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito, ban taɓa roƙonka komai ba.

'Yar'uwarka,
Dolina


Sudbury, 17 ga Disamba, 1970

Dolina, sarauniyar masifa,

Na sami wasiƙarki, na gode. Lafiyata ƙalau, sai sanyi da ke neman yanke mini kunne. Tumbin kuwa nawa ne, da gumina na tara shi. Ki riƙa shafa wa gwiwar man zafi, ki daina hawan tudu bayan tumakin da ba naki ba.

Raina ya ɓaci da abin da Hector ya yi. Mutumin nan tun muna yara hannunsa ke riga kansa tunani. Amma ku kwantar da hankali, ganga fa ganga ce. Wata ta sha da yawa, wata kaɗan. Akwai tsutsa mai huda katako, akwai laima, akwai tsufa. Galan goma sha bakwai ma ya isa ya kwantar da garin nan kaf har da fasto. Rabona na yafe, a zuba wa Sorley.

Na sa takardar Hector a cikin wannan, ki ba shi. Ga abin da na ce masa, don kada ki buɗe da tururin buta kamar yadda kika saba: "Hector, ka bar dukan mutane. In kana son sanin inda wiskin ya tafi, Murdo za ka tambaya a hankali. Duk tsibirin nan ba wanda ya fi shi sanin abin da ya sami gangar nan."

Ina ganin wannan zai wadatar. Ki gaishe da Murdo da Ishbel, ki saya wa yaran alewa da abin da na liƙa a ciki. Barka da Kirsimeti.

Naki,
Torquil


Portavaig, 5 ga Janairu, 1971

Torquil,

Ina fatan kana lafiya, don ina son ka kasance da ranka ka karanta wannan. Mu nan ba lafiya.

Na ce ka rubuta ka yarda da Murdo. Kalma huɗu, Torquil! Sai ka rubuto cewa ba wanda ya fi shi sanin abin da ya sami gangar. Na san mai gyaran ganga kake nufi, na san cewa kake yi a tambayi gwani. Hector bai karanta haka ba. Ya tsaya a bakin gaɓa ranar da jirgin fito ya zo, ya ɗaga takardar yana ihu, "Ga shi nan! Har Torquil daga Kanada ya san ɓarawon!" Ba wanda bai ji ba.

Ishbel ma ta ji. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tambaye shi sau ɗaya ko ya sha, ya ce a'a. Ta ce to ina wiskin ya tafi, ya yi shiru. Washegari ta kwashe yaran suka tafi wurin uwarta a Oban. Ya ɗaukar mata akwatin har cikin jirgi.

Shirun nan ne ke kashe ni. Manaja ya sa Murdo ya mirgino gangar fili ya bincika. Wanda ke aiki kusa da shi ya gaya mini yana buge zoben ƙarfe na biyu gefe, sai ya tsaya cak, ya ciro wani abu ɗan ƙarami daga jikin katakon, ya duba, ya jefa a murhu. Ya gaya wa manaja wai tsutsa ce. Na tsare shi a kicin na ce mene ne ka ƙona, ya ce, "Yaya, ki bar maganar." Na jefe shi da cokali.

Ranar biyu ga wata Hector ya shiga rumfar gyaran ganguna da rana tsaka, da sauran giyar sabuwar shekara a kansa. Ya ce Murdo ya durƙusa ya ce shi ya shanye rabon matacce. Murdo ya ce, "Ban sha ba, Hector, ka tafi gida." Ya ci gaba da aikinsa, hannunsa na dama a kan bakin ganga. Hector ya ɗauki gudumar da ake buga zobba da ita ya sauke masa a kan hannun. Sau uku. An ce ƙarar kamar ana taka ƙwai. Da na iso na tarar da Murdo a zaune cikin ɓawon katako, ya rungume hannun a ƙirji, fuskarsa fari fat, ko kuka bai yi ba. Yatsu biyu sun juya baya.

Likita ya ɗaure, ya ce uku ba za su sake lanƙwasa ba. Mai gyaran ganga ba yatsu, ka ji aikinka. Ɗan sanda ya zo, Murdo ya ce ganga ce ta faɗo masa. Na kusa haɗiye harshena don baƙin ciki.

Yanzu yana kwana a gidana. Ba aiki, ba mata, ba yara, sai zama yana kallon bango. Amma bai sha ba. Ina duba shi kullum, Allah ya yafe mini, ni ma na koma sunsuna kofinsa.

Ka gyara abin da ka ɓata. Ka rubuto a fili yadda ko Hector zai gane.

Dolina


Sudbury, 18 ga Janairu, 1971

Dolina,

Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Lafiyar jiki ina da ita. Tun da na karanta wasiƙarki abinci ya ƙi shiga.

Na san abin da Murdo ya ƙona. Fegi ne na katako, bai kai ɗan yatsa ba. Ni da Sorley muka sa shi.

Kin tuna hunturun da kifi ya yi wuya, ni da shi muka sami aikin mirgina ganguna a sito? Saura kwana uku in taso. Da rana ne, kowa ya tafi cin abinci. Sorley ya ce, "Za ka tafi ƙarshen duniya ba ka ɗanɗani kayanka ba? Wa ya san wanda zai kai shekara goma sha biyu?" Muka yi irin ta tsofaffin ma'aikata: ka buge zobe gefe, ka huda katakon a ƙarƙashinsa, ka tara, ka toshe, ka mayar da zobe ya rufe. Ni na riƙe kwalba, shi ya huda. Kwalba ɗaya tak muka cika, muka shanye a bayan coci muna dariya, ko daɗi ba ta yi ba tukuna.

Kuskuren a fegin yake. Ma'aikacin gaske da guntun katakon ganga yake toshewa, mai tauri, wanda ke kumbura ya kama. Mu masunta ne. Sorley ya fere namu daga akwatin kifi, itace mai laushi, ya shafa masa kwalta kamar yadda yake toshe kwalekwale. Wiski ba ruwan teku ba ne, ya cinye kwaltar. Kuma ta gefen bango muka huda, can ƙasa, don kada a gani. Shekara tara kenan tana ɗiga cikin ƙasar sito.

Murdo yana ganin kwalta ya san hannun waye. Ya ƙona shi don kada Hector ya kafa dutse a kan sunan ɓarawo. Shi ya rufa wa matacce asiri da yatsunsa, ni kuwa mai rai na ɓuya bayan tsutsa. Tun wasiƙarki ta farko na gane. Na ji tsoron Hector daga nisan teku guda, na ji kunyarki, sai na rubuta maganar da ba ta ce komai ba, ina fatan Murdo zai ƙirƙiro wani dalili kowa ya huta. Ni matsoraci ne, Dolina, ba sai kin faɗa ba.

Ki kai wa Hector wannan. Ki kai wa Ishbel kafin shi. Ki karanta a inda kika ga dama, da sunana a ƙasa. Allah ya sa Murdo ya daure ya riƙe kansa kwana goma kawai, kafin takardar nan ta iso.

Torquil MacAskill


Portavaig, 14 ga Fabrairu, 1971

Torquil,

Ban san ko kana lafiya ba, ban san ko ka rubuto ba. Ma'aikatan gidan waya suna yajin aiki tun ashirin ga watan jiya, ko kati ba ya shigowa. Wannan zan ba wani matuƙin jirgi da zai je Ireland ya jefa a can. Zuciyata tana ce mini ko ba yaji shiru za ka yi.

Jiya aka kafa dutsen Sorley. Iska kamar za ta tsige mutum. An fito da abin da ya rage a gangar, an ɗura a tuluna, Hector yana bin mutane da kofi yana zuba musu, ga cuku da biskit a kan bango kamar kowace jana'iza. Na ce wa Murdo ya zauna a gida. Ya ce Sorley abokinsa ne, ya sa baƙar kwat ɗinsa, hannun a rataye a wuya, ya tsaya can baya.

Fasto na juya baya Hector ya hango shi. Ya cika kofi ya nufo shi, mutane suna darewa. Ya ce, "Ga naka, maigida. Ko ka ƙoshi tun a sito?" Murdo ya ce, "Na gode, ba na sha." Hector ya ce, "A gaban ƙanena za ka yi mini ƙarya?" Ya sa ƙafa ya kwashe shi. Murdo ya faɗi a kan karyayyen hannun, wannan karon ya yi ihu. Hector ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya toshe masa hanci, da ya buɗe baki neman numfashi ya juye masa kofin. Ya miƙa hannu aka ba shi tulu, ya ci gaba da ɗurawa. Aka ba shi, Torquil! Wani ne cikin mutanen da Murdo ya yi makaranta da su ya miƙa masa.

Na yi tsalle na hau bayansa na cije kunnensa har na ji gishirin jini. Ya wurgar da ni na bugi wani dutse, haƙorina ɗaya ya tafi. Maza talatin suna tsaye da kofuna a hannu. Tir da garin nan.

Murdo ya tashi yana tari, wiski na zuba daga gemunsa, kwat ɗin ta jiƙe sharkaf. Bai dubi kowa ba. Na ga ya lashi leɓensa. Sau ɗaya ne, amma na gani.

Yau da safe ya sha shayinsa, ya ce zai je ya duba gidansa. Yanzu azahar ta wuce bai dawo ba. Zan rufe wannan in bi sawunsa.

Dolina


Portavaig, 16 ga Maris, 1971

Torquil,

Kana lafiya, na gani a rubutunka. An janye yaji, wasiƙarka ta iso ranar Alhamis, tana ɗauke da kwanan watan Janairu. Kwana goma ka ce Murdo ya daure. Ya daure wata biyu da rabi, tun daga ranar awo.

Ranar da na bi sawunsa, a mashaya na same shi. Tun daga ranar bai yi yini ɗaya da hankalinsa ba. Ya sayar da kayan aikinsa, ya sayar da keken yaran. Mutanen da suka kira shi ɓarawo su ne ke saya masa yanzu, suna dafa kafaɗarsa, don ya nuna musu ba su yi kuskure ba.

Shi na fara kai wa. Na same shi a bayan rumfar kifi da hantsi, na karanta masa tun daga farko har sunanka. Ya saurara. Ya ce, "Torquil ma yana ciki? Ni na zaci Sorley ne shi kaɗai." Sai ya yi dariya, ya ce, "Ƙona ta, Yaya. Ai yanzu abin da suke faɗa a kaina gaskiya ne."

Ban ƙona ba. Ranar Lahadi na tsaya a ƙofar coci ana fitowa, na karanta da ƙarfi da wannan giɓin bakin nawa. Fasto ya ce ba ranar wannan ba ce, na ce masa ya matsa. Hector ya fizge takardar, ya karanta da kansa, leɓensa na motsi. Da ya kai wurin kwalta sai ya tsaya, don shi ya koya wa Sorley toshe kwalekwale. Na zaci zai kashe ni. Ya wuce gida ya ɗauko babbar guduma, a ranar Ubangiji, ya hau maƙabarta ya farfashe dutsen nan har ba harafin da ya rage. Sannan ya zauna a kan ɓaraguzan yana kuka kamar sa. Ba wanda ya je kusa da shi, ni kuwa ko ɗigon tausayi ban ji ba.

Ishbel na riga na aika mata kwafi tun ranar Juma'a, na rubuta a ƙasa cewa mijinta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Maganar komawarsa shan giya ban rubuta ba. Ta buga waya shago ta ce za su zo a jirgin Talata, ita da yaran. Jiya na kulle Murdo a ɗakina, na yi masa wanka, na aske shi, na goge masa riga. Ya yi mini alkawari da hannunsa mai lafiya a kan Littafi Mai Tsarki. Yau da safe na fita tatsar saniya, na dawo na tarar da taga a buɗe.

Jirgi ya iso ƙarfe biyu. Na hango ta a sama ta riƙe yaran, ta sa hularta ta coci, yarinyar tana ɗaga mini hannu. Murdo ma ya zo tarye. Ya taho daga wajen mashaya yana kiran sunanta, rigar da na goge ta ɓaci da amai, ya yi tuntuɓe da igiya ya kife a kan duwatsun gaɓa, ya kasa tashi. Ishbel ta juya fuskar yaran cikin siket ɗinta. Na hau na kama hannunta, na ce mata ɗura masa aka yi, na ce wata ɗaya ne kawai bayan shekara takwas. Ta ce, "Na sani, Dolina. Na yarda da shi yanzu. Amma na taɓa zama da wancan mutumin, yaran nan ba za su zauna da shi ba."

Ba ta sauko ba. Jirgin ya koma da su ƙarfe uku, ni kuma na nemi amalanke na kwaso ƙanena.

Kada ka sake rubuto mini.

Dolina